Yadda sifa ke aiki a Turancin Ingilishi

A Turancin Ingilishi, idan aka ce "the chairman is late", ana nufin shugaba ya makara. Amma idan aka ɗauko kalmar "late" aka ajiye ta kafin sunan, aka ce "the late chairman", to an kai shugaban kushewa ke nan, domin ma'anar ta koma marigayi shugaba.

Kalmar ba ta sauya ba, ko harafi ɗaya. Wurin zamanta ne kawai ya sauya.

Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa sifa, wato kalmar da ke bayyana kama ko hali ko girman abu, take yawan kayar da masu koyon Turanci. A Nijeriya lamarin ya wuce na jin kunya a gaban jama'a. Ɗalibin da bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko ta NECO ba zai samu gurbi a jami'a ba, kuma Turanci dole ne ga duk mai zana jarrabawar JAMB, ko da likitanci ko injiniyanci zai karanta.

Ga Bahaushe, akasarin kurakuran ba daga rashin sanin kalmomi suke tasowa ba. Suna tasowa ne daga yadda Hausa ta raba aikin siffantawa ta wata hanya dabam.

Abin da Hausa ke yi

A wata maƙala da ya wallafa a 1977, masanin harsuna R. M. W. Dixon ya nuna cewa akwai harsunan da ainihin sifofinsu na asali ba su da yawa. Ya kawo Hausa cikin misalansa, da kimanin sifofi 12, irin su babba da ƙarami da dogo da gajere da sabo da tsoho da fari da baƙi da ja. Harshen Ibo kuwa 8 ya lissafa masa.

Wannan ba ya nufin Hausa ta gaza wajen siffanta abu. Tana ƙera wasu sifofin daga aikatau, kamar dafaffe da wankakke da karyayye. Sauran aikin kuma ta ɗora shi a kan suna tare da kalmomin mai da masu da maras. Inda Bature zai ce "heavy", Bahaushe zai ce mai nauyi. Inda zai ce "useless", Bahaushe zai ce maras amfani.

Saboda haka kalmomin da Bahaushe ya saba siffanta abu da su, kamar nauyi da ƙarfi da kyau da tsada, sunaye ne. Daga nan ake samun ɗalibi ya rubuta "she is beauty" ko "he has strong", ya haɗa sunan da sifar wuri ɗaya. Turanci ya raba su: "beauty" da "strength" sunaye ne, "beautiful" da "strong" su ne sifofin.

Ta fuskar jinsi da adadi kuwa, Turanci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Bahaushe na cewa farin doki, farar riga, fararen dawaki. Wanda ya karanci nahawun Larabci ya san na'ati na bin man'uti a jinsi da adadi da li'irabi, har da kasancewarsa ma'arifa ko nakira. Ɗalibin Jamhuriyar Nijar da ya fara da Faransanci shi ma ya saba da wannan jituwa. Sifar Turanci ba ruwanta da duk wannan: "white" ce ga doki, "white" ce ga riga, "white" ce ga dawaki dubu. Ba a ƙara mata harafin "s" na jam'i.

Ba haka take tun asali ba. A tsohon Turanci, kafin Normandawa daga Faransa su ci Ingila da yaƙi a 1066, sifa na sauya ƙarshenta gwargwadon jinsi da adadi da matsayin suna a jimla, kamar yadda Jamusanci ke yi har yanzu. Waɗannan ƙarshe-ƙarshe sun yi ta zubewa sannu a hankali, zuwa ƙarni na 15 kusan babu abin da ya rage.

Da suka zube, sai nauyin ma'ana ya koma kan wurin da kalma ta zauna.

Kafin suna ko bayansa

Hausa na da zaɓi biyu: farin doki ko doki fari. Turanci kuwa gurabe biyu ya ware wa sifa, ko dai kafin suna kai tsaye, kamar "a white horse", ko kuma bayan aikatau irin su "be" da "seem" da "become", kamar "the horse is white".

Yawancin sifofi na iya zama a kowane gurbi. Wasu ba sa iyawa. Ana cewa "the child is asleep" da "the man is afraid", amma ba a cewa "an asleep child". Haka kuma "main" da "former" ba sa zama sai kafin suna.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu zama a wurare biyu da ma'ana biyu, irin "late". Ma'aikacin ofis da ke rubuta rahoto na bukatar ya bambance "the responsible officer", jami'i mai riƙon amana da sanin ya kamata, da "the officer responsible", jami'in da alhakin abin da ya faru ke wuyansa. Na farko yabo ne, na biyu kan iya zama tuhuma. "The present members" su ne mambobin da ke cikin ƙungiya a yanzu, "the members present" kuma su ne waɗanda suka halarci zaman. A rubutun bayanin taro, wannan bambanci ne ke nuna ko adadin da ake bukata don yanke shawara ya cika.

Akwai kuma wasu 'yan muƙamai da sifarsu ke zuwa bayan suna, yawancinsu gado ne daga Faransancin da aka daɗe ana shari'a da mulki da shi a Ingila bayan 1066. Mai sauraron labarai ya san su a bakin Hausa: antoni janar, sufeto janar, akanta janar. Kalmar "general" a nan ba muƙamin soja ba ce, sifa ce mai ma'anar na gaba ɗaya. Shi ya sa a rubutun hukuma jam'in yake zama "attorneys general", harafin "s" na kan sunan. "Governor-elect", zaɓaɓɓen gwamnan da ba a rantsar ba tukuna, shi ma wannan tsari ya bi.

Jerin da Bature bai san ya sani ba

Idan sifofi suka taru a kan suna ɗaya, Hausa kan rarraba su, wata a gaba wasu a baya: sabuwar mota ja mai tsada. Turanci kan jera su duka kafin sunan, kuma jerin na da tsari.

Ra'ayin mai magana ne ke fara zuwa, sannan girma, sai shekaru, sai fasali, sai launi, sai asali, sai abin da aka yi abin da shi, daga ƙarshe kuma amfanin da ake yi da shi. Don haka ake cewa "a beautiful old brown leather bag". Idan aka ce "a leather brown old beautiful bag", kowace kalma daidai take, amma kunnen Bature ba zai karɓa ba.

Abin mamaki shi ne yawancin waɗanda Turanci ne harshensu na uwa ba a taɓa koya musu wannan a makaranta ba. Marubuci Mark Forsyth ya bayyana tsarin a littafinsa The Elements of Eloquence na 2013, kuma a 2016 hoton wannan shafi ya yi ta yawo a Twitter, inda dubban Turawa suka riƙa mamakin ƙa'idar da suke bi tun suna yara ba tare da sun sani ba. J. R. R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya taɓa ba da labarin cewa yana ɗan kimanin shekara 7 ya rubuta tatsuniya a kan wani dodo, ya sa launi kafin girma, mahaifiyarsa ta gyara masa. Ya ce har ya girma bai daina tambayar dalili ba.

Masana sun yi ƙoƙarin amsa tambayar tasa. Wani bincike da Gregory Scontras da Judith Degen da Noah Goodman suka wallafa a 2017 ya nuna cewa gwargwadon yadda mutane za su iya saɓani a kan sifa, gwargwadon nisanta da suna. Mutum biyu na iya gardama kan ko jaka na da kyau, amma da wuya su yi gardama kan ko ta fata ce. Saboda haka "leather" ta manne wa "bag", "beautiful" kuma ta koma can farko.

Wannan bayani ya fi amfani ga ɗalibi fiye da haddace gidaje 8 a jere, domin a magana ta yau da kullum da wuya sifofi su wuce biyu ko uku. Kuma tsarin ɗabi'a ce mai ƙarfi, ba doka ba ce da ba ta karyuwa. Dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump na Amurka ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 an san ta da sunan "One Big Beautiful Bill", girma kafin ra'ayi, kuma ba wanda ya ce ba Turanci ba ne.

Suna ma kan yi aikin sifa, kuma a nan tsarin kishiyar na Hausa ne. Kasuwar shanu ita ce "cattle market", kalma ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ake magana a kai. "Horse race" sukuwar dawaki ce, "race horse" kuma dokin sukuwa. Sunan da ke wannan aiki yakan bar jam'insa, shi ya sa ziyarar kwana biyu take "a two-day visit", yaro ɗan shekara 10 kuma "a ten-year-old boy".

Mai ban tsoro da mai jin tsoro

Kuskuren da ya fi sa a yi wa mai koyo dariya shi ne na sifofin da ke ƙarewa da "-ing" da "-ed". Wanda ya ce "I am boring" yana son ya ce ya gundura, amma abin da ya faɗa shi ne shi mutum ne mai gundurar jama'a.

A nan Bahaushe na da mabuɗi a aljihunsa, ko da yake ba kasafai littattafan makaranta ke nuna masa ba. Hausa ta bambanta mai ban tsoro da mai jin tsoro, da mai ban haushi da mai jin haushi. Wanda ke bayarwa shi ne "-ing", wanda ke ji shi ne "-ed". "Frightening" mai ban tsoro, "frightened" wanda ya tsorata. "Interesting" mai ban sha'awa, "interested" mai sha'awar abu. "Surprising" abin ban mamaki, "surprised" wanda ya yi mamaki. Duk wanda ya tambayi kansa ko ban ne ko ji ne kafin ya rubuta, da wuya ya faɗa wannan rami.

Kwatanta abu da abu

Hausa na kwatance da aikatau fi: Audu ya fi Musa tsawo. Turancin buroka ma haka yake yi da kalmar "pass". Daidaitaccen Turanci kuwa sifar yake taɓawa, sannan ya kawo "than". Daga ɗauko tsarin Hausa ne ake samun "he is tall than me", inda aka bar sifar yadda take.

Sifa mai gaɓa ɗaya na karɓar "-er" da "-est", kamar "taller" da "tallest". Mai gaɓa uku ko fiye na karɓar "more" da "most". Masu gaɓa biyu sun rabu: waɗanda ke ƙarewa da "y" kan zama kamar "happier", sauran galibi "more" suke bi. "Good" da "bad" sun bi tasu hanyar, "better" da "best", "worse" da "worst".

Haɗa biyun, kamar "more better", kuskure ne a yau, duk da cewa Shakespeare ya yi irin wannan ninki a wasanninsa fiye da shekara 400 da suka wuce. Mai duba takardar jarrabawa ba zai karɓi wannan uzuri ba.

"Senior" da "junior" da "superior" da "inferior" sun zo daga Latin da kwatancensu a jikinsu, don haka ba sa bukatar "more", kuma "to" suke ɗauka maimakon "than". "Senior brother" da ake ji ko'ina a Nijeriya kowa na gane shi a gida, amma Bature "elder brother" ko "older brother" zai ce wa wansa.

Sifar da aka samo daga sunan ƙasa ko harshe ko addini da babban harafi ake fara ta, kamar "Ghanaian" da "Arabic" da "Islamic", saɓanin Faransanci da ke rubuta irin waɗannan sifofi da ƙaramin harafi. Biyu daga cikinsu harafi ɗaya ne tsakaninsu: "Nigerian" na Nijeriya, "Nigerien" na Nijar. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai a watan Yulin 2023, editocin labaran Turanci sun sha duba wannan harafi sau biyu kafin su saki labari.