Daga Ramin Dara Zuwa Yaƙin Ƙattin Ƙarfe

Wata Asabar bayan la'asar, a wata majalisa kusa da Ƙofar Soro a birnin Katsina, dattawa biyu sun duƙufa kan dara, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da guntayen kara. Ɗan ƙanwata na gefe a kan benci, ya zuba wa waya ido, yatsa a sama ya kasa saukewa. Na leƙa: ƙattin mutum-mutumi uku na ƙarfe ne tsaye a fili mai gida-gida, manyan ƙwari sun kewaye su, amma ba mai motsi.

"Wayar ce ta maƙale?"

"A'a Kawu, ni suke jira. In na taɓa ba daidai ba, benen can ya rushe."

Wasan shi ne Into the Breach, wanda kamfanin Subset Games ya fitar a 2018. Yana cikin wasannin yaƙi na yi-in-yi, waɗanda saurin yatsa ba ya amfanar kowa a cikinsu. Filin gida 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Ƙwarin su ne ke fara matsowa, kuma kowanne sai ya nuna gidan da zai kai wa sara tun kafin ya kai. Daga nan sai a bar ka da tunaninka. Kowane ƙato naka yana da tafiya ɗaya da aiki ɗaya, shi ke nan sai wani zagayen.

Sabon shiga kisa yake nema. Wanda ya goge kuwa turi yake yi. In ka tura ƙwaro gida ɗaya, saran da ya ɗana ma ya gusa tare da shi, sai ya faɗa a fili, ko ma a kan ɗan'uwansa. In marar fiffike ne ka ingiza shi ruwa, ya nutse. Abin da kake karewa gine-ginen mutane ne, don daga gare su wutar da ke riƙe da rundunarka take fitowa. Shi ya sa harbin da ya kashe ƙwaro amma ya taɓa bene, dara ce ta ci gida.

Ɗaya daga cikin kakannin irin waɗannan wasanni shi ne BattleTech, wanda kamfanin FASA na Amurka ya fitar a 1984. A kan tebur ake yin sa, da taswira mai gidaje masu kusurwa shida da ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo, kuma a 2018 kamfanin Harebrained Schemes ya yi na kwamfuta. A nan lissafin ya fi zurfi. Sulken ƙato kashi-kashi ne: na kai daban, na ƙirji, na hannuwa, na ƙafafu, kuma na baya ya fi rauni, don haka inda ka juya fuska bayan ka gama tafiya yana iya zama ajalinka. Hannu in ya guntule, bindigar da ke jikinsa ta tafi. Sai babbar ƙa'ida, wato zafi. Kusan kowane harbi yana ƙara wa injin zafi, kuma wanda ya saki dukkan makamansa lokaci guda don haushi, injinsa na iya mutuwa a tsakiyar fili, ya tsaya ƙiƙam abokan gaba su yi ta dukansa. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan lifida a hawan Sallah zai gane wannan da wuri: lifidi yana tare mashi, amma dokin da ke ɗauke da shi ba zai yi sukuwar dokin da ba kaya ba. Haka ƙaramin ƙato yake riga babba motsi, yana da wuyar samu, amma duka kaɗan ke kayar da shi.

To ita dara fa? Rami 30 ne, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Da farko ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba a lokacin. Idan an gama, ramuka shida kacal suka rage. Sannan a fara tafiya, rami ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka ci ɗa ɗaya na abokin wasa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Gwanaye tun wajen zubi suke gama wasan, domin a nan suke ɗana jeri biyu maƙwabta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo, duk taku da ci. A ganina dara ta fi BattleTech tsabta ta wannan fuska, don babu ƙwayar sa'a da za ka ɗora wa laifi.

Abin da ke damuna shi ne, yaron nan da ya iya hango taku uku a waya bai san ko ƙa'idar zubi ba, mu manya kuma mun haɗa duk wasan waya mun kira shi shiririta. Akwai na shiririta da yawa, gaskiya ne, amma wannan ba ya cikinsu. Kuma ina ganin ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suna da aikin kammala karatu a shirye: dara ta waya da Hausa, mai ƙa'idojin da aka tattaro daga bakin dattawan majalisu, tunda kowane gari da ɗan bambancinsa.

Ina cikin wannan tunani mai tsakuwa ya ɗago kai. "Yaro, ajiye wayar nan ka zo ka karɓi kara."

"Baba, ban iya ba."

"Zauna dai."

Ya tsuguna, ya zuba 'ya'yansa duk a gefe guda. Kafin a kira magariba an cinye masa bakwai, shi ya ci biyu, kuma shi ne ya fara share ramukan yana roƙon a sake.