Toshe giɓin shingen lambu ba tare da rufe wa mage hanya ba

Da zarar an kawar da amfanin gona aka saki dabbobi da kaka, lambun da ke bayan gida ko a bakin fadama shi ke zama koren wuri ɗaya tilo da akuya ke hange, kuma giɓin da bai wuce taki ɗaya ba a jikin danga ya ishe ta ta cinye latas da alayyahun da aka yi wata biyu ana ban ruwa. Galibi giɓin yakan fara ne daga ƙasa, inda gara ta ci gindin dirka ko tanka ta kwance, wato karan da ake ɗaurawa a gicciye domin ya riƙe dangar. Abin da mai lambu kan yi cikin fushi shi ne ya cusa ƙaya ya toshe wurin gaba ɗaya, alhali ta wannan kafar ce magen gidan ke shiga da dare tana farautar ɓeraye masu ɓarnar iri da tumatir.

Mafita tana cikin bambancin halittar dabbobin biyu. Ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da ƙirjin mage ƙarami ne, kuma a cikin tsoka yake, bai manne da sauran ƙasusuwa ba, shi ya sa kafaɗunta ke matsewa har ta bi kafar da ba ta fi kanta faɗi sosai ba. Ƙofofin mage da ake sayarwa a Turai faɗinsu kan kai kimanin santimita 15, wanda babbar akuya ba za ta iya bi ba, sai dai ɗan akuya sabon haihuwa da kaza suna iya kutsawa idan kafar tana daidai da ƙasa. Saboda haka ya fi kyau a fara rufe giɓin da wayar raga wadda idanunta ba su wuce santimita 10 ba, domin mai manyan idanu takan maƙale wa akuya ƙaho, a binne gindinta kamar santimita 20 a ƙasa saboda masu tono, sannan a soka guntun bututun roba mai faɗin santimita 15 a jikinta, a ɗaga shi kamar rabin mita, a ɗaure shi da dirka. Tsalle ɗaya mage za ta yi ta shige, akuya kuwa ko ta dafa shingen ba ta iya rarrafe a cikin bututu. Dole ne a lanƙwashe bakin wayar da aka yanka, don tsininta na yaga cikin dabba, kuma wannan sakaci ne da ba shi da uzuri.

Buɗe wa karen gida hanya kuwa ya fi wuya, tunda duk inda ya wuce akuya ma za ta wuce, ga kuma karnukan sake waɗanda ba a san ko an yi musu rigakafin ciwon hauka ba. A Ingila, inda doka ta wajabta sanya wa karnuka 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata tun 2016, ta kuma haɗa da maguna a 2024, ana sayar da ƙofar da ke karanta lambar na'urar, wadda girmanta kamar ƙwayar shinkafa yake, ta buɗe wa dabbar gidan kaɗai. Inda babu wannan, ƙyaure mai sakata da mutum ke buɗewa ya fi kowace dabara aminci.

Akwai kuma hakkin masu cin ganyen. Kashin mage na iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma, mai haɗari ga ɗan tayi idan mai juna biyu ta kamu, kuma ƙwayar na fara iya harbi ne bayan kwana 1 zuwa 5 da fitarta. Don haka a tanadar wa magen ɗan yashi a wani lungu nesa da fangali, a riƙa kwashewa kullum, mai ciki kada ta taɓa shi, sannan a wanke duk ganyen da za a ci ɗanye da ruwa mai tsabta.