Takardar ƙwararre ba ta rufe bakin wanda ake tuhuma

Idan jandarmomi suka kama mutum a Zabori ko a iyakar Gaya da Malanville, sau da yawa takarda guda ce ke riƙe da shari'arsa: rahoton likita kan rauni ko gawa, sakamakon gwajin ƙwayoyin da aka ce tiramol ne, ko zanen yatsa. Mutane na ɗaukar irin wannan takarda kamar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

A tsarin shari'ar Nijar, wanda aka gada daga Faransa, alƙali mai bincike ne ke naɗa ƙwararre, kuma rahotonsa ra'ayi ne da kotu za ta auna. Wanda ake tuhuma, ta bakin lauyansa, yana iya neman wani ƙwararre ya sake gwajin. Tambayoyin da suka fi tasiri ba su da wuya: wa ya ɗauki samfurin? An like shi da hatimi? Hannun mutum nawa ya bi kafin ya isa ɗakin gwaji a Yamai? Jini ko ƙwaya da suka kwana cikin zafi da ƙura suna iya gurɓata.

Ko manyan ƙasashe sun sha kunya. A 2004, hukumar FBI ta Amurka ta ɗora wa lauya Brandon Mayfield zanen yatsan da aka samu bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, daga baya ta nemi gafara. A 2015 kuma ta amsa cewa ƙwararrunta sun yi kuskure a shaidar gashi cikin fiye da kashi 90 bisa ɗari na shari'o'in da aka sake dubawa.

Matsalar talaka a Nijar ita ce samun lauya, domin yawancin lauyoyi a Yamai suke zaune.