Turancin Kasuwa: Kalmar "Go" Ɗaya Ce, Amma Fuskokinta Da Yawa

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ta jihar Dosso ya san cewa kasuwancinta ƙafa ɗaya a Nijar take, ɗaya a Nijeriya. Daga Dogondutsi da Matankari da Tibiri, wake da gyaɗa da dabbobi na tsallakawa zuwa kasuwannin jihar Kabi, kayan masarufi kuma na shigowa. A bakin iyaka Hausa ta ishi kowa ciniki. To amma da zarar kaya sun nufi Legas ko Anaca, ko saƙon banki ya shigo waya, ko takardar kwastan ta zo hannu, sai Ingilishi ya tare hanya, alhali akasarin waɗanda suka yi boko a wannan yanki da Faransanci suka yi shi.

Lamarin kuwa ya ƙara nauyi, domin kundin da hukumomin Nijar suka fitar a shekarar 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan kalmomin nan da muke rainawa. Kowa ya san "go" na nufin tafi. Sai dai idan aka jingina mata wata 'yar kalma a baya, ma'anar kan sauya ɗungurungum. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dubi kalmarmu ta "ci": ana cin tuwo, ana cin riba, ana cin bashi, ana cin amana, kuma babu wanda ya taɓa tauna amana da haƙori. To haka "go" take a wurin Bature.

Ga waɗanda suka fi shafar aljihunku. "Go up" shi ne tashin farashi, "go down" kuma saukarsa. "Go for" na nuna kuɗin da ake sayar da abu, wato idan aka ce buhu "goes for" kuɗi kaza, haka ake sayar da shi. "Go ahead" izini ne, wato ci gaba, na amince. "Go round" shi ne abu ya ishi kowa a wajen rabo. "Go under" kuwa, Allah Ya kiyashe mu, karyewar jari ce.

Akwai guda uku da ke buƙatar a buɗe ido sosai. Na farko "go off". Misali, Hajiya ta aika kifi ko nama, aka ce mata "it has gone off". Idan ta ɗauka kayan sun tashi sun kama hanya, ta yi kuskure, domin ana nufin sun lalace. Na biyu "go through". Idan jami'in kwastan zai "go through" kayanka, bincike zai yi. Amma idan aka ce kuɗin da aka turo "did not go through", to ba su shiga ba, kada ka saki kaya. Na uku "go back", wato komawa, wanda da an ƙara masa "on" sai ya zama saɓa alkawari.

A lura kuma, "go" kan rikiɗe ta koma "went" ko "gone" idan abin ya riga ya faru. Haka nan a burokan Turancin kasuwannin Nijeriya, "I go pay" na nufin zan biya, ba na je na biya ba. Alkawari ne, ba rasit ba.

Yaya za a koya? Kada a haddace kalmar ita kaɗai, a riƙe ta cikin jimla guda da ta shafi sana'arki ko sana'arka. Biyu a mako sun isa, sannu ba ta hana zuwa. Yaranmu da ke kwaleji ana koya masu Ingilishi, sai a sa su karanta saƙo, su maimaita shi da Hausa kafin a ba da amsa. Idan kuma magana ta shige duhu, a ce wa abokin ciniki ya sake ta da wasu kalmomi. Matambayi ba ya ɓata, kuma kunyar tambaya ba ta kai zafin asarar buhu goma ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.