Wanda Ya Riƙe Lissafi Shi Ke Yanke Shawara: Darasi Daga Gonakin Kura Da Bunkure

Duk shekara, daga watan Fabrairu zuwa Maris, kasuwar Kwanar Gafan da ke ƙaramar hukumar Garun Malam takan cika maƙil da kwandunan tumatir. Manoman Kura da Bunkure da Kadawa sun yi dashe kusan lokaci guda, sun kuma tsinka lokaci guda, sai farashi ya faɗi warwas, har wani manomin ya ga kuɗin kwando da na mota sun kusa cinye kuɗin kayan. Da damina ta kankama kuwa, sai tumatir ya yi tsadar da uwargida za ta koma wa busasshe ko na leda. Manomi ya san wannan zagaye, dillali ya san shi, mai kamfani ma ya san shi. Amma a ranar da ake yafa iri don renon dashe, da wuya ka sami mutum ɗaya da zai gaya maka eka nawa aka ware wa tumatir a yankin baki ɗaya. Ƙasa tana da kyau, ruwa yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labari na gaskiya, a hannun mai yanke shawara, kafin lokaci ya ƙure.

Wannan giɓi ne kamfanoni da hukumomi suke cikewa da abin da ake kira tsarin sarrafa bayanai. Aikinsa huɗu ne: a tattaro labarin abin da ke faruwa, a adana shi yadda ba zai ɓace ba, a kwatanta na yau da na jiya, sannan a miƙa sakamakon ga wanda zai ce a saya ko a dakata, a buɗe ruwa ko a rufe, a ba da bashi ko a hana. Littafin da dillali yake rubuta sunayen masu kaya da masu bashi shi ma tsari ne irin wannan. Abin da kwamfuta da waya suka ƙara shi ne sauri, da iya haɗa lissafin mutum dubu wuri guda a ga abin da mutum ɗaya ba zai gani ba.

Ruwa ma da lissafi yake tafiya

An gama gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ruwa yake bin babbar kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya gangara da kansa zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam ba tare da injin turawa ba. Kashin farko na wannan shirin noman rani an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce mai kula da shi.

Ma'aikacin da zai buɗe ƙofar ruwa yana buƙatar sanin abubuwa da dama: yawan ruwan da ya rage a dam, abin da aka shuka a kowane sashe, da irin ruwan da kowace shuka take sha. Shinkafa tana shan ruwa fiye da alkama nesa ba kusa ba. Alkama kuma tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta mori sanyin hunturu. Idan aka makara wajen sakin ruwa, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, amfanin ya ragu. Idan hukuma ba ta san cewa wani sashe ya koma shinkafa kacokan ba, na kan gaba za su sha su ƙoshi, na ƙarshen kanal su kwana suna jiran ruwan da ba zai iso ba.

Shi ya sa shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, bai tsaya ga yashe kanal da gyaran ƙofofin ruwa kaɗai ba. Ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su riƙa tara kuɗin ruwa, su kuma kula da ƙananan magudanai. Ƙungiya ba za ta iya wannan aiki ba sai da rajista: wane ne mai wannan gona, girmanta nawa, wa ke noma ta bana, ya biya ko bai biya ba. A yankin da hayar gona da jingina suka yi yawa, sunan da ke takarda sau da yawa ba shi ne na mutumin da ke cikin gonar ba. Rajistar da ba a sabunta ta duk kaka, rigima kawai za ta haifar.

Wayar dillali

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mai loda tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas cinikin biri a sama yake yi. Motarsa za ta yi tafiyar kusan kilomita dubu, bai san ko motoci nawa ne suka riga shi isa ba. Yau tun asuba ya kira wakilinsa na Legas, ya ji na Fatakwal da Onica, ya tambayi 'Yan Kaba a cikin Kano, sannan ya tsayar da farashin da zai taya. Hoton kaya yana tafiya ta WhatsApp, kuɗi yana dawowa ta banki ko ta masu POS.

An auna tasirin wannan a ƙasar Hausa. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da layin waya yake shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta isa, saboda 'yan kasuwa sun daina tafiya a makance.

Sai dai labarin waya na rana ɗaya ne. Yana gaya maka farashin yau, ba ya ajiye na bara. Ɗan kasuwar da yake rubuta farashin kowane mako, shekara da shekaru, shi ne zai gane a wane mako kaya suke fara karyewa, da yadda azumi ko babbar salla ko tsadar man fetur suke juya kasuwa. A nan ne rubutu yake fin ƙwaƙwalwa.

A ƙofar injin casa

Kura gari ne na shinkafa: masu noma, mata masu turarawa, masu ƙananan injinan casa, da 'yan kasuwar da ke kai shanshera manyan kamfanonin Kano. A babban kamfani, mota ba ta sauke kaya sai ta hau sikeli, an ɗebi samfuri an auna ɗanshinsa, an duba tsakuwa da ƙaiƙayi. Duk wannan yana shiga kwamfuta tare da sunan wanda ya kawo da garin da kayan suka fito.

Dalilin auna ɗanshi lissafi ne mai sauƙi. Shanshera ba ta ajiyuwa lafiya sai ɗanshinta ya sauko zuwa wajen kashi 14 cikin 100. Wanda ya sayi kilo 100 mai ɗanshi kashi 22, idan ta bushe zuwa kashi 14, abin da zai rage masa bai kai kilo 91 ba. Kilo tara na ruwa ya saya da kuɗin shinkafa. A buhu ɗaya ba a ji, amma a tirela ɗari asara ce da za ta iya durƙusar da kamfani. Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tsohon ɗan kasuwa yakan ciza ƙwaya ya gane bushewarta. Sai dai haƙorinsa ba ya barin shaidar da za a duba bayan wata shida.

Daga waɗannan bayanai ne manaja yake yanke shawara hawa-hawa. Ta kullum: a karɓi wannan mota ko a mayar da ita. Ta kaka: daga wane yanki ne shanshera ta fi ba da tsaba mai yawa da ƙarancin karyayya, tan nawa za a tara a sito kafin farashi ya tashi. Ta shekaru: shin kayan da ake samu sun isa a ƙara sabon inji, ko kuwa wanda ke nan ma rabin ƙarfinsa yake aiki? Kowace shawara ta sama a kan rubutun ma'aikacin sikeli take zaune.

Abin da kamfanin tumatir na Kadawa ya koyar

A 2016 aka buɗe kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote a Kadawa, wanda aka gina don ya markaɗe tan 1,200 a rana. A wannan shekarar ce ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ya afka wa gonakin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kamfanin ya tsaya saboda rashin kaya, kuma ko da ya dawo aiki a 2019, samun isasshen tumatir a farashin da zai yi wa kowa daɗi ya ci gaba da zama babbar matsala.

Inji irin wannan ba ya rayuwa da labarin cewa yankin akwai tumatir. Yana buƙatar sanin gonaki nawa, wane iri, ranar dashe, da ranar da kowace gona za ta nuna, don kaya su riƙa zuwa a jere maimakon su taru a mako uku. Yana buƙatar malaman gona da za su kawo rahoton ƙwaro tun yana gona ɗaya. Yana kuma buƙatar bin farashin kasuwa kullum, domin manomin da aka yi alkawari da shi, idan ya ga motar Legas tana biyan ninki, ba kowa ne zai tsaya ba. Kamfanonin da ke ba manoma iri da taki bashi, irin su Babban Gona, sun gina aikinsu a kan wannan: wakilinsu yana zagaya gona da waya ya auna girmanta, ya ɗauki hoton shuka, a san halin da take ciki kafin kaka.

Na'ura ba ta gyara ƙarya

Shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya zo da sharuɗɗa na zamani: asusun banki, lambar BVN, shiga ƙungiya, da auna gona. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, amma biyan bashin ya yi rauni ƙwarai, aka kuma yi ta kukan manoman bogi. BVN tana tabbatar da cewa mutum shi ne shi. Ba ta tabbatar da cewa yana da gona, ko taki ya iso shi kafin shuka ta wuce lokacinsa. Idan wanda aka tura auna gonaki ya zauna a inuwa ya cika fom, kwamfuta za ta karɓa, ta jera shi tsaf, ta fitar da rahoto mai kyan gani. Shugaban da ke ofis zai sa hannu da kwanciyar hankali a kan abin da babu shi.

Saboda haka kamfani mai hankali yakan kashe kuɗi wajen tantancewa kamar yadda yake kashewa wajen sayen na'ura. Yakan tura mutum na biyu ya sake auna wasu gonakin ba tare da sanarwa ba. Yakan kwatanta takin da ya fita daga sito da wanda manoma suka ce sun karɓa. Yakan kuma yi tanadin ranar da babu wuta ko babu sabis. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya faɗo daidai kakar kayan gwari, ya nuna yadda ciniki yake tsayawa cik idan hanya ɗaya tak aka dogara da ita.

Rabon manomi

A duk wannan, manomi shi ne tushen bayanan. Shi ake ɗaukar hotonsa, a auna gonarsa, a rubuta lambar wayarsa. Amma idan an haɗa an tace, sakamakon yakan tsaya a ofishin kamfani ko na hukuma. Mai saye ya san farashin kasuwa biyar da ɗanshin kaya, mai sayarwa kuwa bai san ko nawa ya kashe a kan buhu ɗaya ba. Cinikin da aka yi a haka, an san wanda zai ci riba.

Gyaran ba sai an jira kwamfuta ba. Littafi ɗaya ya isa manomi ya rubuta kuɗin haya, huɗa, iri, taki, feshi, kuɗin ruwa, ƙwadago da abin da ya girba, don ya san farashin da in ya sauka ƙasa da shi faɗuwa ya yi. Mata masu turara shinkafa za su iya rubuta buhu nawa na shanshera ya ba su kwano nawa na tsaba, daga wane mai kaya. Ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi ta sayi sikeli da na'urar auna ɗanshi, don mambobinta su isa ƙofar kamfani da nasu awon. Matasan da suka yi karatu suna riƙe da manyan wayoyi za su iya zama magatakardan ƙungiyoyi, su riƙa kawo hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, da shawarwarin tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Kadawa.

Sannan akwai haƙƙin tambaya. Duk lokacin da wani kamfani ko shiri ya zo da fom yana neman sunaye da girman gonaki, shugabannin ƙungiya su tambaye shi abu uku kafin kowa ya dangwala hannu: me za a yi da bayanan, wa zai gan su, kuma wane sakamako za a dawo wa manoma da shi, a wane wata. Wanda ya zo da niyyar alheri ba zai rasa amsa ba.