Kwana Biyu A Badagiri, Bakin Teku

Babu malamin makaranta a ƙasar Gobir wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ya gaya wa yara cewa ruwa ya rufe wajen kashi 7 cikin 10 na bayan duniya ba. Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Amma in ka bincika, sai ka tarar shi kansa malamin babban ruwan da ya taɓa gani bai wuce Gulbin Rima da damina ba, ko madatsar Goronyo. Ba laifinsa ba ne. Daga Kurawa zuwa bakin teku ya fi mil 600, ga kuɗin mota, ga kuma 'yan bindiga da suka mai da hanyoyin Sabon Birni da Isa abin tsoro a shekarun nan.

Saboda haka ba na cewa mutum ya ɗaura kaya musamman domin yawon kwana biyu. Da waɗanda aiki ya kan kai Ikko na ke magana, ko kwas, ko taro, ko wata hidimar ofis. Galibinsu in Asabar ta zo sai su kwanta a masauki, ko su tafi Agege wajen 'yan'uwa a yi ta hira, har su komo gida ba su ga kome ba sai motoci. Shawarata ita ce su ba da Asabar da Lahadin nan ga Badagiri.

Badagiri ƙaramin gari ne yamma da Ikko, mil 40 da 'yan kai, kusa da iyakar Jamhuriyar Binin, wadda a da a ke kira Dahome. Mutanen garin na asali Egun a ke ce da su, akwai Yarbawa da yawa, sarkinsu kuwa Akran ne sarautarsa. Su masunta ne da manoman kwakwa. Mota ba ta wuya daga Ikko, sai dai a yi sammako saboda cunkoso, a kuma riƙe katin shaida, gama hanyar iyaka ce, shingayen ma'aikata ba su ƙirguwa. Musulmi suna da yawa a garin, masallaci ba ya wuyar samu, a kasuwar Agbalata kuma ba za ka rasa wanda zai amsa maka sallama da Hausa ba.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne, ya iso garin bakin teku amma bai ga teku ba. Ruwan da ke gaban garin wani dogon tafki ne mai kwanciya, wanda kwalekwale ke bi har Ikko. Tekun yana can ƙetare, bayan wani siririn tudun rairayi. To, a bar shi sai gobe. Ranar Asabar ta cikin gari ce, da ƙafa kuwa za a yi ta, don wuraren duk kusa da juna su ke a bakin ruwa.

Za a nuna maka wani bene da 'yan mishan suka gama ginawa cikin 1845, a ce maka shi ne bene na farko a Nijeriya. Ka karɓa da ladabi, amma kada ka kai wa yara wannan magana yadda ta ke. Na farko ne cikin ginin Turawa. Magina a Kano da Katsina sun daɗe suna ɗora soro bisa soro da tubali, hasumiyar Gobarau ma ta girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi benen amfani ga malami shi ne ya san cewa 'yan mishan sun sauka garin nan cikin 1842, ba su daɗe ba suka buɗe makaranta. Makarantar Dan Hausa a Nassarawa ta Kano sai 1909 aka buɗe ta. Wanda ya lissafa shekarun da ke tsakani ya sami rabin amsar tambayar da a kan yi kullum, ta dalilin da Kudu ta riga mu a ilmin boko.

Akwai kuma gidan ajiye kayan tarihi a tsohon ofishin Di'o, ginin 1863, shekarar da Ingilishi suka karɓi garin. Amma inda ya kamata a daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass. Wannan mutum an kama shi bawa yana yaro, ya girma ya zama babban dillalin bayi, ya kuma zama shugaban Musulmin garin, bai rasu ba sai 1919. Ku dubi sarautar tasa, Seriki, ai sarki ce tamu ta Hausa da ta yi tafiya har bakin teku. A cikin gidan akwai ɗakuna 40 da a ke tsare mutane kafin jirgi ya zo, kowanne bai kai girman zauren talaka ba, da 'yar taga can sama. Sarƙoƙi da mari suna nan, har da ƙanana. Mai nuna wuri zai miƙa maka ɗaya ka ɗaga. Ka ɗaga, nauyinta ya fi duk abin da littafi zai gaya maka.

A nan ne na ke so Bagobiri ya tsaya ya yi tunani, domin da yawa cikinmu suna ɗaukar cinikin bayi na teku kamar wani al'amari ne tsakanin Turawa da mutanen Kudu. Ba haka ba ne. Bayan da yaƙi ya tashi cikin 1804, Alkalawa ta faɗi cikin 1808, aka yi shekaru ana kama mutane ta kowane gefe. Waɗansu aka bi da su Sahara, waɗansu kuwa aka gangara da su ta Nufe da Oyo, hannu zuwa hannu, har tashoshin bakin teku irin su Badagiri da Ikko da Wida. Yawancin Hausawan da aka ɗora a jirgi Bahiya aka kai su, cikin ƙasar Barazil. Ba su kwanta ba kuwa. Sun ƙulla tawaye cikin 1807, sun tayar cikin 1814, cikin watan azumi na 1835 kuma bayi Musulmi, Yarbawa da waɗansu Hausawa, suka yi boren da har yau a ke karanta labarinsa a can.

Ga wani labari da ya fi kusa da gida. Cikin Disamba 1825 Bature Clapperton ya tashi daga Badagirin nan zai tafi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa wani dattijo ne da Turawa ke kira Pasko, sunansa na yanka Abubakar, mutumin Gobir ne. An sayar da shi har ya shiga jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingilishi ya ƙwace su a teku, ya yi aiki tare da su, sa'an nan ya juyo ya bi hanyar da ƙafa zuwa Arewa. Cikin Oktoba 1826 Clapperton ya ga rundunar Bello ta kai wa Gobirawa yaƙi a Konya, ya rubuta abin da ya gani. Ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri da takardunsa, dillalan bayi suka yi masa sharri wai ɗan leƙen asiri ne, aka ba shi guba ya sha don a gwada gaskiyarsa, Allah ya yi da sauran kwanansa. Watau dai hanyar da ke tsakanin kufan Alkalawa da wannan gari tsohuwa ce. Babban titin da Gwamnatin Tarayya ta soma cikin 2024, daga Illela zuwa Badagiri, kilomita 1,068, sawun mutanen da ya ke bi.

Ran Lahadi da sassafe sai a shiga jirgin ruwa a ƙetare zuwa Gberefu. Minti kaɗan ne, amma a nemi rigar nan mai hana nitsewa, kada a ji kunya. Daga nan tafiyar ƙasa ce cikin rairayi, kamar ta rabin awa, ita ce kuwa hanyar da bayi suka bi. A tsakiya akwai wata rijiya da masu nuna wuri ke cewa an zuba mata magani, wanda ya sha sai ya manta da gida. Wannan zancensu ne. Ni dai abin da na lura shi ne, tun kafin ka ga tekun za ka ji rurinsa, kamar hadari na tasowa daga gabas, alhali sama garau. Ka hau ɗan tudu, sai ga shi, ba gaɓa, ba tsallake, ruwa ya haɗe da sama. Yaron da aka kamo daga bakin Gulbin Rima, wanda duk ruwan da ya sani ana ganin ƙetarensa, a nan aka tsai da shi.

Kada wanda ya iya iyo a gulbi ya ruɗi kansa ya shiga. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, ta kan share ƙasa daga ƙarƙashin ƙafar mutum ta ja shi ciki. Ya isa a tuɓe takalmi a tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Malamin labarin ƙasa ya kafa kara a iyakar ruwa, ya zauna inuwar kwakwa awa biyu, ya koma ya duba, zai ga cikowa da janyewar teku da idonsa, abin da mu ke ta fama da zanensa a allo. Ya kuma tuna cewa ruwan da ya wuce Sabon Birni da damina, ya bi ta Sakkwato ya faɗa Kwara, a cikin wannan tekun ya ke ƙarewa, can gabas. Lander da ƙanensa ne suka tabbatar wa Turawa haka cikin 1830, daga Badagiri kuma suka tashi.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama ruwan Yuni a can ba irin namu ba ne, ya kan wuni yana zuba. A bar garin da azahar don a shiga Ikko da sauran rana. Kafin a taso kuwa a cika kwalba guda da ruwan teku, a tsinci 'yan bawon katantanwa. In an komo Kurawa a bar kowane yaro ya ɗanɗana da yatsa, sauran a zuba a faranti a ajiye a rana bakin aji. Kafin kwana biyu ruwan ya ƙafe, gishiri ya rage.