Kafin a Kawo Kare Gida: Abin da Ya Kamata Mu Duba a Zango



Duk mai zaga unguwanninmu, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, ya san karnuka sun fi yadda muka saba gani a da. Wani ya kawo ne saboda ɓarayi sun dame shi, wani don ragunan da yake turkewa kafin Babbar Salla, wani kuma matashi ne da ya ga hoton wani ƙaton kare a Facebook ya ba shi sha'awa. Mu a kwamitin lafiya ba mu da hurumin cewa wane ya ajiye kare, wane kada ya ajiye. Abin da ya dame mu shi ne lafiyar mutanen da za su kwana su tashi tare da karen, musamman yara. Shawararmu a taƙaice ita ce a duba gida kafin a duba kare. Faɗin gidan, mutanen cikinsa, ƙarfin aljihun mai shi da lokacinsa, su za su nuna irin karen da ya dace. Wani lokaci ma su nuna cewa haƙura ya fi.

Don me ake son karen?

Malamanmu sun yi bayani cewa addini ya yarda a riƙe kare don farauta, tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma da yawansu sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Wanda yake da shakka ya tuntuɓi limamin unguwarsu tun kafin ya biya kuɗi.

Idan gadi ake nufi, abin nema shi ne kare mai kunne da haushi, wanda zai tashi mutanen gida da zarar an dira katanga. Ɓarawo hayaniya yake gudu. Ba sai an samo wanda zai iya kayar da ƙato ba, domin karen da aka koya wa cizo bai san bambancin ɓarawo da mai tallar koko ko yaron da ƙwallonsa ya faɗo gidan ba.

Gidan da zai zauna

Yawancinmu a gidan haya muke: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. A tsakar gidan nan ake girki, ake wanki, ake alwala, ake shimfiɗa tabarmar salla, a nan kuma jarirai suke rarrafe. Wanda ya saki kare a irin wannan wuri ya ɗora shi a kan kowa. Saboda haka sai mai gida ya yarda, sai sauran 'yan haya sun yarda, sannan a tabbatar akwai wani kusurwa da za a killace masa, mai inuwa da iska, nesa da randa, butoci da wurin girki. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan ukun, gidan bai dace da kare ba, kowane iri ne.

Mai gidan kansa da katanga da ƙofa ya fi sarari, amma shi ma ya tuna lungunanmu matsattsu ne. Tsofaffi suna bi da duhun asuba zuwa masallaci, yara suna bi zuwa makaranta. Dole katangar ta kai tsayin da kare ba zai haura ba, ƙofar kuma ta zama mai rufuwa.

Kada a ce za a ɗaure shi da sarƙa dare da rana a huta. Karen da ya daɗe a ɗaure, ba motsi, ba sabo da mutane, shi ya fi yin mugun cizo ranar da ya tsinke. Kowane kare yana buƙatar a fitar da shi ya taka ƙafa kullum, da igiya a hannun babba.

Wane iri?

Karen gida, wanda muka taso muna gani, gajeren gashi gare shi, matsakaicin jiki, ya saba da zafinmu, ba ya cin abinci mai yawa, kuma akwai shi da sa kunne. Ga mafi yawan gidajen zango da suke da wurin ajiye kare, shi ya fi dacewa. Sai dai kada arharsa ta sa a raina shi. Allurar da ake yi wa kare mai tsada, ita ce ake yi masa.

Manyan karnukan waje su ne matasanmu suka fi so. Jaman Shefad na Jamus namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, yana da basira, amma idan bai sami aikin yi da wurin gudu ba, sai yawan haushi da ɓarna. Rotwaila yakan kai kilo 50, Burbul na Afirka ta Kudu kuwa yakan wuce kilo 60, wato ya fi matashi nauyi. Irin waɗannan sai wanda ya san horon kare, yake da fili da katanga, kuma yake da ƙarfin riƙe igiyarsa idan ya fizga. Ba na wanda bai taɓa riƙon kare ba ne, kuma ba na gidan da tsofaffi da ƙananan yara suke kai-kawo ba ne.

Akwai kuma masu gashi mai kauri, irin Kokeshiyan da Haski, waɗanda asalinsu ƙasashen ƙanƙara ne. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watan Fabrairu da Maris, lokacin da zafi yake wuce digiri 30, irin wannan kare a ƙarƙashin rufin kwano azaba yake sha, yana ma iya mutuwa. Haka masu gajeren hanci irin Buldok, numfashi yakan gagare su a cikin zafi.

Ƙananan karnuka masu dogon gashi irin Maltis kuwa, a ɗaki aka saba rainon su, kullum ana taje su. A gidan da ake kiyaye tsarkin shimfiɗa da wurin salla, zamansu zai yi wuya.

A duba jinsi ma. Karya takan nemi namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a lokaci ɗaya. Kwikwiyon da aka rasa mai ɗauka shi ne karen juji na gobe. Wanda ba kiwo yake nufi ba ya tambayi likitan dabbobi game da aikin hana haihuwa ga mace ko dandaƙa ga namiji.

Aljihu da lokaci

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin sayen kare shi ne mafi ƙanƙanta a cikin hidimarsa. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, kuma duk tsawon wannan lokaci sai abinci, allura, maganin tsutsa da maganin kaska. Kafin a saya, a je a tambayi kuɗin waɗannan abubuwa, a lissafa na shekara guda a sidi, a ga ko aljihu zai ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara ba.

Ragowar tuwo ko shinkafa da wake kaɗai ba ta riƙe kare, yana buƙatar nama ko kifi a ciki. Akwai kuma abubuwan gidanmu da suke cutar da shi: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, don haka ba a ba shi miya ko shito mai yawan albasa. Goro da cakulan guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda masa hanji. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane sai da izinin likita.

Sai tambaya ta ƙarshe: wa zai kula da shi? Idan mai karen yana fita kasuwa tun asuba sai bayan isha, ko direba ne mai kwana a hanya, hidimar za ta faɗa kan matarsa ko ƙannensa. A tambaye su tukuna.

Ranar zaɓe

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. A je har inda aka haife shi a ga uwar, domin halinta yakan nuna nasa. A zaɓi mai idanu garau, ba kwantsa, ba majina, fata ba ƙuraje, ciki bai kumbura ba, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo. A guji wanda yake maƙalewa a lungu yana karkarwa, da wanda yake gurnani idan an miƙa masa hannu. Kwikwiyon da aka tsinta a kan hanya ko aka saya a hannun mai yawo da shi a kwali, ba a san tarihinsa ba. Ƙaramin kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ciwon hauka.

A nemi katin rigakafi mai hatimi da sa hannun likita. Daga mako 6 zuwa 8 ake fara allurar cututtukan kwikwiyo, ciki har da mai sa amai da zawon jini da take kashe su cikin 'yan kwanaki. Da ya cika wata 3 sai allurar ciwon hauka, a riƙa sabunta ta duk shekara ko yadda likita ya rubuta. Maganin tsutsa kuwa, babban kare duk wata 3. Wannan ya shafi yaranmu kai tsaye, domin ƙwayayen tsutsar suna fita a kashin kare su zauna a ƙasar da yara suke wasa. A kwashe kashin kullum, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kare. Ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, wanda yake ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, nan ne wurin zuwa.

Ciwon haukan kare

Wannan ne babban dalilin da ya sa muka ɗauko zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarsa, kuma kusan 4 cikin kowane 10 na waɗanda abin yake shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar tana cikin miyan kare. Tana shiga ta cizo, ta yakushi, ko idan ya lashi buɗaɗɗen rauni, sannan ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Nan ne mutane suke ruɗuwa: rauni ya warke, an manta, alhali cutar tana tafiya. Da zarar alamun sun fito, irin su ruɗewa da tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Amma idan aka yi allura da wuri, ana tsira.

A jikin kare, alamun su ne sauyin hali, dalalar da miyau, sauyin muryar haushi, cizon duk abin da ya gani. Wani kuma ba ya faɗa, sai dai ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakin irin wannan kare. A rufe shi, a kira likitan dabbobi.

Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a wurin. Wato katin karen maƙwabcinka kariya ce ga 'ya'yanka. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, mutumin Faransa da ya fara yi wa ɗan Adam wannan rigakafi a 1885. Lokaci ne mai kyau na duba kati.

Idan kare ya ciji mutum

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a sa toka, barkono, kanwa, man shafawa ko gashin karen, kada kuma a ɗaure wurin tamau. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ɗan yakushi ne. Allurar ba sau ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, da sauran ranakun da likita zai rubuta, kuma dole a cika su. Idan raunin mai zurfi ne ko a fuska ko a hannu yake, likita yana iya ƙara wata allura a bakin raunin.

Karen kuma a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. Kada a yi gaggawar kashe shi a jefar, domin ta jikinsa ake gane ko yana da ciwon. Mai karen ya fito da kati, ya kuma raka wanda aka ciza asibiti. Haƙƙin maƙwabtaka ke nan.

Iyaye mata da kakanni, a ja wa yara kunne: ba a jifan kare, ba a taɓa shi yana ci ko yana barci ko karya tana shayarwa, ba a gudu idan ya taso, sai a tsaya cik a kawar da ido. A kuma tabbatar musu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya faɗa a gida ba za a doke shi ba. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron bulala, kuma wannan ɓoyon shi ne mafi hatsari.

Muna roƙon sarakunan zango, masu unguwanni da limamai su taimaka wajen isar da wannan saƙo a masallatai da wuraren suna da biki. Wanda yake da kare ya duba katinsa a wannan makon. Wanda yake shirin saye ya zauna da mutanen gidansa tukuna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.